Baƙaƙen Kusoshin da Baba Ya Ɗaure

Ranar Juma'ar da ta gabaci Babbar Sallah, a shekarar da nake aji uku a lekol, Baba ya dawo daga masallaci ya kama hannuna muka nufi kasuwar Arlit. Duk wanda muka gamu da shi rago yake ja, mu kuwa motar wasa muka rungumo a cikin tsohon buhun sukari. Rana ta take, zafin ƙasa yana ratso silifas ɗina. Muka wuce masu gawayi da masu cuku, muka tsaya a rumfar wani dattijon Buzu mai suna Agali, mai sayar da tarkacen ƙarfe. Ya zazzage mana gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi masu zare, waɗanda a can muke ce wa bis. Baba ya tsuguna da fararen kayansa na Juma'a yana tona su da yatsa kamar mai tsintar wake, ni kuma ina tsaye ina cika ina batsewa, don na ƙagu mu tafi kallon raguna.

Motar ja ce, mai manyan tayoyi, ana tuƙa ta daga nesa da wani ɗan akwati mai eriya. Baba makanike ne, manyan motocin ma'adinai yake gyarawa, kuma wani Nasara da suka yi aiki tare ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Ba don kirki kaɗai ya bar ta ba, ta riga ta sha wuya. Tayar gaba tana fita, makamin murfin batir ya karye, bis ɗinta wasu sun zube, sauran kuma kansu ya cinye. Ni ce ƴar fari, a lokacin kuma babu namiji a gidanmu, don haka ni aka ba. Matan layinmu suka yi ta surutu, wai me ƴa mace za ta yi da mota. Inna ma ta ce gara a saya mini ƴar tukunya. Baba dai ya ce in zo in riƙe masa buhu.

A gaban Agali ya koya mini abin da har yau ban manta ba. Ya ce dogon bis yana huda waya a ciki, gajere kuma yana kwancewa da zarar mota ta hau tsakuwa. Mai manyan zare shi ke kama roba, mai ƙanana na ƙarfe ne. Kowanne ya ɗauka sai ya kafa masa turnabis ya murɗa, ya duba ko kan ya ji ciwo. A ƙarshe ya ware kashi biyu, farare masu ƙyalli da baƙaƙe marasa kyan gani. Ni farare nake so, har da buga ƙafa. Baba ya ce farin ƙarfe kwalliya ce kawai, yana da laushi, in an kwance an ɗaura ƴan lokuta kansa ya tafi, baƙi kuwa sai dai hannu ya gaji. Agali ya gyara rawaninsa ya ce da irin Hausarsa: "Malam Sani, baƙi tana da ƙarfi, amma ba ta son ruwa. In yarinya ya tafi da mota kudu fa?" Baba ya yi dariya har da tafa hannu. "Wane ruwa kuma a Arlit, Agali? Kuma ina za mu je? Nan za ta yi karatu, nan za ta girma." Gaskiyarsa ce kuwa. A bayan gari akwai gawarwakin motoci da suka shekara aru-aru a rana, fenti ya ƙone amma tsatsa ba ta ci su ba. Muka kwashi baƙaƙe muka koma gida.

Daga ranar na zama sarauniyar layi. Yaran unguwa motocinsu na waya ne da gwangwanin sardin, suna tura su da sanda suna yin kukan inji da baki, tawa kuwa da kanta take kuka. Ban yi mulkin adalci ba, Allah ya sani. Wanda yake son ya taɓa akwatin tuƙi sai ya ɗauko mini bokitin ruwa daga famfo, ko ya kai wa akuyarmu dusa. Inna ta kafa doka, ba mota sai na share tsakar gida, na wanke kwanoni, na goya ƙanwata Hadiza ta yi barci. Da la'asar sakaliya muke fita fili, mu gina tudu da rairayi, motar ta haye ta dira ta kife, mu bi ta da ihu. Rairayin nan kuwa shiga yake ko'ina, shi ya sa kowace Juma'a Baba yake shimfiɗa tabarma a gindin bango, ya kwance ta kaf, ya hure ƙasar, ya ɗiga mai da gashin kaza, ya mayar. Murfin batir ma da bis huɗu ya kama shi. Yakan ce mini, "Ki ɗaure har ya tsaya, sannan ki ƙyale shi." Duk wannan kwancewa da ɗaurewa, ko bis ɗaya bai cinye ba, kuma duk Juma'a sai ya nuna mini kansu yana murmushi.

Tari ya fara masa ina aji biyar. Da fari ana cewa mura ce, daga baya ya daina zuwa aiki, rigunansa suka yi masa yawa. Manya suna ta ƙus-ƙus a zaure, ni dai ba a gaya mini komai ba. Juma'ar ƙarshe da ya yi a gida, ya sa na kawo motar. Ya zuba sababbin batura, hannunsa yana rawa har turnabis yana zamewa. Na ce ya kawo in ƙarasa, ya girgiza kai. Ya ɗaure huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, yana hutawa a tsakani, ya miƙo mini. Washegari aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Gidan da muke ciki na wurin aiki ne, saboda haka da Inna ta fita takaba muka ɗaure kaya muka hau mota zuwa ƙauyen su Baba a gefen Madarunfa. Tun daga tasha har muka isa motata tana kan cinyata.

A can na fara ganin damina ta gaske. Ruwa ya yini yana zuba, kwaɗi su cika gari da kuka, bangon ɗaki ya jiƙe har tabarma ta yi wari. Aka koya mini shuka da cirar ciyawa, yaran ƙauye suna yi mini dariya don ban san gero daga dawa ba. Motar na tura ta ƙarƙashin gadon Inna, ina fito da ita jefi-jefi don kada batir ya ƙare, har ranar da na danna ta yi ɗan nishi ta tsaya. Sai bayan girbi Kawu Ila, ƙanen Baba, ya kawo mini batura daga kasuwa. Na ɗauko turnabis ɗin Baba na kifa motar, sai na ga bis ɗin sun koma ja wur, tsatsa ta haɗe su da gindinsu. Na murɗa, ko motsi. Na ɗiga man gyaɗa, na ɗiga kananzir, na jira, na sake murɗawa, kan ɗaya ya fara marmashewa a hannuna.

Ran kasuwa Inna ta raka ni wurin mai gyaran rediyo. Ya juya motar ya duba, ya ce aiki ne mai sauƙi, zai huda kusoshin ya fitar, ya sa farare, yanzun nan ta tashi. Na yi murna, wallahi na yi murna. Sai da ya ɗora bakin abin hudawa a kan na farko na tuna hannun nan mai rawa a kan tabarma. Na fizge motar na ƙanƙame. Inna ta hau ni da faɗa a gaban mutane, wai na sa ta baro aiki don iskanci, in faɗi abin da nake so. Da ƙyar na iya cewa, "Inna, shi ya ɗaure." Ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, ta ba mai gyara haƙuri, muka kamo hanyar gida.

Yau ina Maradi ina ɗinki, ina da ƴaƴa. Irin motocin wasan nan sun cika kasuwa, duk Sallah sai an saya wa yara, kafin wata ya zagayo sun watse an zubar. Idan ta ɗan autana ta kwance, ni nake zuwa wurin masu tarkace in tsuguna in tona, kuma farare nake zaɓa, don nan ƙasar ruwa ce. Ban sake taka Arlit ba. Masu zuwa suna cewa layinmu ya zama kufai, mutane sun watse, ban kuma san inda Agali ya ƙare ba. Jar motar tana ƙasan akwatina a naɗe da zanen Inna. Baturan ciki sun daɗe da fashewa, farin gari yana fitowa ta gefen murfi, yaron kuma kullum sai ya tambaye ni me ya sa ba za a buɗe ta ba. Nakan ce masa kakansa ne ya rufe, in mayar da ita. Wani lokaci ina jin haushin Baba da bai saurari Agali ba, sai kuma kewarsa ta danne haushin. Ya san ƙarfe sarai. Zama ne ya ɗauka za mu yi.