Baba Cire-Waya Ya Rufe Shago

Kafin sauran shagunan layin su buɗe, shi ya riga ya share teburinsa, ya jona ƙarfen narka dalma, ya ɗora tabarau a karan hanci. Ɗan tsukukun shago ne tsakanin tela da mai gyaran agogo, kullum cikin ƙaurin dalma. In ka kawo jitarka ta daina magana, ba ya tambayarka komai. Zai buɗe bayanta, ya zaro ɗan batirin, ya ɗora a harshe. In ya yamutsa fuska, batir na da rai. In kuwa ya kalle ka ta saman tabarau, to ka shirya shan faɗa.

Sana'arsa ɗaura wa jitar lantarki fikof, wato 'yan kunnuwan nan na ƙarƙashin tsirkiya masu ɗaukar sauti, irin waɗanda ke cin batir. Yakan haɗa su ta yadda batir ba zai fara aiki ba sai an cusa wayar lasifika a jikin jitar. Su kuwa makaɗa kunnen ƙashi gare su: su gama kiɗa, su jingine jita da wayarta, batir ya yi ta tsiyaya har ya mutu. Shi ya sa Baba bai san "sai an jima" ba. Sallamarsa guda ce: "In ka gama, cire waya." Har sunan ya bi shi.

Wanda bai ga layin nan a wancan zamani ba ya yi rashi. Benci cike da makaɗa, ana gardama, ana gwajin jita, har mai agogo ya leƙo yana mita. Makaɗan ake tafa wa a dandali, babu mai tambayar wanda ya haɗa wayoyin. Kai ne ka ba su murya, Baba, kuma ba ka taɓa neman a ambace ka ba.

Yau benci ya zama fayau, hannun Baba kuma ya soma rawa. Yana cikin tattara kayansa don rufe shago, in ji telan da aka yi abin a gabansa, sai ga wata mata rungume da jita. 'Yar Dogo ce, tsohon makaɗi, aminin Baba, wanda ya fi kowa ƙin jin magana.

"Baba, ɓarin jikin mahaifinmu ya shanye, magana ma da ƙyar," ta ce. "Kullum jitar nan yake kallo a bango. Muka sauko da ita, muka kunna lasifika, shiru. Tun ranar ya juya wa kowa baya, abinci ma ya ƙi."

Baba ya buɗe bayan jitar. Batir ya fashe, ruwansa ya cinye wayoyin da shi kansa ya haɗa tun yarinyar tana goye.

"Da wayarta ya rataye ta, ko?"

"Da ita, Baba."

"Ubanki dai bai sake hali ba."

Ya ɗauki ƙarfen. Hannu ya ƙi tsayawa, dalma ta ɗiga a tebur. Ya sake, ta sake ɗiga. Tela ya ce bai taɓa ganin tsoro a fuskar Baba ba sai ranar. Can Baba ya ce, "'Yata, matso ki riƙe min wuyan hannu. Kada ki saki ko kin ji zafi." Ta riƙe. A haka ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe sabon batir a soso, ya rufe. Shi da kansa ya kai jitar gidan.

Aka cusa mata wayar lasifika, aka ɗora ta a cinyar Dogo. Ya taɓa tsirkiya da babban yatsan hannunsa mai lafiya, sauti ya cika ɗakin. Ya sake taɓawa, hawaye na bin kuncinsa. Da ya gaji, sai ya lalubi wayar, ya zare ta da ƙyar, ya ɗaga wa amininsa.

"Na... cire."

"Sai yanzu, bayan ka tsufar da ni?" in ji Baba, shi ma yana share ido. Ranar Dogo ya ci abinci.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma masu gyara na yanzu, ku koyi yin aiki don wanda zai riƙe kayan, ko ba za a taɓa jin sunanku ba. In kuna neman Baba, shago dai ya rufe, amma kowace yamma yana gidan Dogo yana sauraron kiɗa. Da sabon batir a aljihunsa, don har yanzu bai yarda Dogo zai riƙa cire waya ba.