Kawu Habu da Ƙofar Birnin Tagulla

Duk wanda ya zauna Badarawa a shekarun nan ya san Kawu Habu Safiyo ba ya kiran mutum da sunan da aka raɗa masa. In dai ka taɓa zama a tabarmarsa ka yi wasan nan nasa, to sunanka na yanka ya tafi hutu ke nan. Ni ɗan ƙanwarsa ne, malamin makaranta, da matata da 'ya'yana, amma har ya koma ga Allah "Wanzami" yake ce mini, ko a gaban ɗalibaina ne. Isiyaku Tela shi ne Maharbi. Wanda ya fi kowa shan wuya kuwa Alhaji Mamman ne, babban ma'aikacin gwamnati mai ofis a unguwar Doka, don shi Ɓarawo ya faɗo masa.

Wata rana Kawu ya hau kekensa har ofishin. Ya tarar da masinja a bakin ƙofa, ga mutane jere a benci suna jiran ganin Alhaji.

"Bawan Allah, Ɓarawo yana ciki?"

"Baba, wane ɓarawo?"

"Ogan naku mana! Ɓarayi nawa gare ku a nan?"

Alhaji Mamman ya ce daga ciki ya jiyo muryar, ya rasa ko ya fito ko ya shige ƙarƙashin tebur. Abin da ya fi ƙona masa rai ma, wai duk mutanen bencin nan babu ko ɗaya da ya nuna mamaki.

Ga waɗanda suka sha wucewa ta ƙofar gidan suna jin ihunmu ba su san kan zancen ba, bari in warware muku. A farkon shekarun tamanin aka tura Kawu kwas Ingila daga wurin aikinsa na safiyo, wato awon ƙasa da zana taswira. Can ya ga wasu samari suna wani wasa a kan tebur. Mutum ɗaya ne ke ba da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin. Ka faɗi abin da za ka yi, sai a jefa ɗan ludo, mai ɗige-ɗigen nan, shi zai nuna ko ka dace ko ba ka dace ba. Kawu ya tambayi kuɗin littattafan wasan, ya ji, ya ajiye musu kayansu. Ya ce ai ƙarya ce ake shiryawa, kuma shi bai ga dalilin da zai sayi ƙarya ba alhali yana da ita a kansa kyauta.

Da ya dawo sai ya zana ƙasa guda a bayan tsohuwar kalanda, da koguna da duwatsu da dazuzzuka, kun san zane aikinsa ne. Can ƙuryar sama ya zana wani gari mai ganuwa, ya sa masa suna Birnin Tagulla. Ya ce wasa ba zai ƙare ba sai ranar da muka shiga birnin nan muka ga abin da ke ciki. Mu 'yan wasa murafan lemo ne. Dodo kuwa dutsen guga ne, in ya diro kan kalanda har tabarma sai ta girgiza. Ɗan ludon guda ɗaya ne tak. In ka sami shida ka dace, in ka sami ɗaya sai dai Allah ya kyauta. Dokarsa guda: ba a sake jefawa.

Mun ɗauka abin na wata biyu ne. Kowace Asabar bayan la'asar muna barandarsa. Na fara wasan nan babban ɗana yana rarrafe, har ya shiga sakandare ba mu leƙa birnin ba. Kuma wallahi muna so mu shiga! Manyan mutane da gemu, amma ina cikin koyar da lissafi sai in tsinci kaina ina tunanin me ke bayan ganuwar nan.

Sojojin abokan gaba gyaɗa ce soyayya. Wanda ya kashe soja shi zai cinye shi, waɗanda suka tsira kuma su koma gwangwani sai wani makon. Da haka Kawu yake yaƙin wata guda da gwangwani ɗaya. To, ran nan mun sha wuya mun iso wata gada, daga ita sai birni. Kawu ya jera rundunar Sarkin Gada reras, sai maƙwabci ya yi sallama, ya fita. Isiyaku kuwa daga shago ya taho, bai ci abincin rana ba. Ya ɗauki soja ɗaya, wai ɗanɗanawa zai yi. Kafin Kawu ya dawo gada ta zama fayau.

Kawu ya tsaya ya dubi kalanda. "Ina rundunar Sarkin Gada?"

Isiyaku, baki cike, ya ce, "Sun gudu, Baba."

Alhaji Mamman ya yi wuf ya ce, "Malam Habu, tunda babu kowa a gadar, ai sai mu wuce ko?"

Kawu ya zauna a hankali, ya gyara hula. "Haka ne, babu kowa. Maharbi ya cinye mayaƙa da takalmansu da masunsu. Jefa mu ga yadda cikinsa zai yi da su."

Isiyaku ya jefa. Ɗaya!

"Allahu akbar," in ji Kawu. "Maharbi ya riƙe ciki, ya faɗi, rai ya yi halinsa. Ku kuma ba za ku bar gawar abokinku a bakin gada ba. Sai ku kai shi garinsu."

Garinsu Maharbi kuwa yana can ƙasan kalanda, daidai inda muka faro. Alhaji Mamman ya cire hula ya buga da ƙasa.

Mun ɗauka an gama. Ashe da sauran kallo! Washegari da hantsi Kawu ya sa babbar riga, ya ɗauki goro, ya nufi gidan Isiyaku. Shi kuwa ya riga ya tafi shago. Matarsa Hajara ta shimfiɗa wa Kawu tabarma a soro, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya haƙuri?"

"Baba, haƙurin me?"

"Au, ba ki ji ba? Maharbi ai lokaci ya yi. Gyaɗa ce ajalinsa."

Hajara ta san duk unguwa mijinta ake kira Maharbi, kuma ta san halinsa da gyaɗa. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. "Wayyo Allah na! Yanzu fa ya fita da ƙafafunsa!" Kafin ka ce me, mata sun cika gida. Isiyaku ya sheƙo a guje, tef na awo a wuya, ya tarar ana kukan mutuwarsa. Kawu ya nuna shi ya ce, "Yauwa, ga mai rashin nan ya iso."

Da ƙura ta lafa na ce, "Haba Kawu, wannan wane irin abu ne?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wanzami, mutum ya yi shekaru yana tare da mu, mun ci daji tare, ya mutu a ce ko gaisuwa ba za a yi ba? Ku wane irin mutane ne?"

Asabar ta gaba Isiyaku ya dawo wasa a matsayin ƙanen mamacin. Kawu ya ce shi ma sunansa Maharbi, don ba shi da lokacin koyon sabon suna.

Wannan hayaniya ce ta kai maganarmu gaban Mai Unguwa. Aka ce masa ana caca a gidan Habu Safiyo, ana jefa ɗan ludo, har ana jin ana cewa "na kashe shi". Ya zo da kansa, da sandarsa, fuska a murtuke. Muka miƙe muna "ranka ya daɗe". Kawu ko gezau. Ya ɗauki wani murfin lemo ya ɗora a kan kalanda.

"Ranka ya daɗe, kafin ka yanke hukunci. Kana tafe a daji, ka iso bakin rijiya, ka ji kukan jariri a ciki. Me za ka yi?"

"Malam Habu, ni ba wasa ya kawo ni ba."

"To, a bar jaririn ke nan?"

"Wa ya ce a bar shi? In ɗaura igiya in shiga mana!"

"Jefa."

Mai Unguwa ya karɓi ɗan ludon da yatsu biyu kamar an miƙa masa kunama. Ya jefa. Biyu.

"Igiya ta tsinke. Kana cikin rijiya, kai da jariri."

"Wace irin ruɓaɓɓiyar igiya ce wannan? A sake!"

"Ba a sakewa, ranka ya daɗe."

Har aka kira magariba Mai Unguwa yana cikin rijiya yana ba mu umarni. Asabar ta gaba sai ga shi da igiyar gugan gidansa, ta gaske, a kafaɗa. Ya jefar da ita a tsakiyar tabarma ya ce, "Wannan ta tsinke mu gani!" Daga ranar ya zama ɗan wasa, maganar caca kuma ta bi ruwa.

Ko da muka zama mu huɗu, birni dai bai shigu ba. In mun matso, sai kogi ya kawo. In kogi ya janye, sai annoba ta kama jakunanmu. Akwai shekarar da muka yi kusan damina guda muna neman takalmin Mai Unguwa da wani biri ya sace. Alhaji Mamman ya gaji, ya ce shi ya san yadda ake buɗe ƙofa a ƙasar nan. Ya sa aka gasa kaza, ya kawo da wuri kafin mu iso, ya ce, "Malam Habu, a duba mana maganar birnin nan."

Kawu ya yi bisimilla, ya cinye kazar tas, har ƙashi sai da ya tauna. Da muka hallara ya wanke hannu ya ce, "Labari mara daɗi. Dogaran sarki sun kama Ɓarawo yana ba da cin hanci. An kai shi kurkuku."

"Kai fa ka ci kazar!"

"Shaida ce, na adana ta."

Sai da muka koma baya muka fasa kurkuku muka fito da shi, yana ta rantsuwa ya bar wasan har abada. Asabar na zagayowa shi ya riga kowa zuwa.

Haka muka shiga shekarun casa'in. Alhaji Mamman ya yi ritaya ya koma Rigachikun, ga wahalar man fetur, amma ko a bayan a-kori-kura sai ya zo. Kawu kuwa jiki ya fara ƙi. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'yansa aiki ya watsa su garuruwa, sai mu da ke kewaye da shi. Ƙafafunsa suka kumbura, keke ya gagara, daga baya barandar ma ta gagara. Muka koma shimfiɗa kalanda a gefen gadonsa. Tsakaninmu kowa ya san in ba mu shiga birnin nan da wuri ba, ba za mu taɓa shiga ba, amma babu wanda ya furta.

A wata Asabar sai ga mu a ƙofar Birnin Tagulla. Babu kogi, babu dodo, babu biri. Ƙaton kwaɗo ne kawai a jikin ƙofa. Alhaji Mamman ya naɗe hannun riga ya ce, "Yau ranata ce. Ɓarawo zai buɗe kwaɗo." Ya jefa.

Shida!

Tabɗijam! Isiyaku ya miƙe yana rawa, Mai Unguwa yana buga sanda yana kabbara, ni kuwa na rungume Alhaji har hularsa ta faɗi. Kawu ya ɗago kai daga matashi, ya daɗe yana duban ɗan ludon.

"Shida ce," ya ce. "Kwaɗo ya buɗe."

"To, mu shiga!"

"Akwai sakata ta ciki. Mai gadi kuma ya tafi ɗaurin aure. Ku dawo Asabar."

Alhaji Mamman ya ce, "Wallahi tallahi, Malam Habu, duk ƙasar nan kai ne ɓarawon, ba ni ba!" Kawu ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ba shi ruwa.

Da suka fita sallar magariba, na tsaya ina naɗe kalanda. Na ce, "Kawu, don girman Allah, ni kaɗai ka gaya mini. Me ke cikin birnin nan?"

Ya ce, "Wanzami, ni ma ban sani ba. Ban taɓa shirya komai a ciki ba."

"Duk shekarun nan?"

"In na bar ku kuka shiga, wasa ya ƙare. To wa zai zo mini ranar Asabar?"

Na ce, "Haba Kawu, ai za mu riƙa zuwa gaishe ka."

"Za ku zo. Ku zauna a bakin gado, ku ce ya jiki, ku saci kallon agogo. Ni ba na son ya jiki. Ihu nake so a gidana."

Hawaye suka cika mini ido, na juya kamar ina neman murfin lemona. Kafin wata Asabar ɗin ta zagayo mun kai shi makwancinsa.

Ya Allah, ga bawanka Habu nan, mai taurin kai, wanda ya cika mana rayuwa da dariya da gwangwanin gyaɗa guda. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa, kada ka bar shi shi kaɗai. In ya iso ƙofar Aljanna, ya Rabbi, a buɗe masa nan take, kada a ce ya dawo Asabar. Amin.