Wuƙar da Na Ƙi Saya a Likoro

Ina tsakiyar fiɗar ragon suna jiya a gidan maƙwabcina, sai wuƙata ta kasuwa ta naɗe ta datse mini yatsa. Fatar ma sai da na huda ta.

Shekara talatin ni ake kira fiɗa a unguwarmu.

Sai ga Sule, wanda ni na koya masa riƙe ƙafar rago, ya zaro tasa daga aljihu. Mai naɗewa ce, ƙirar hannu, mariƙinta na ƙaho. Nan take na gane ta. Ni wani maƙeri a garin Likoro ya fara yi wa tallarta, na ce wuƙa ba za ta ci mini kuɗin kaji biyu ba.

Na ce, "Sule, ara mini in ƙarasa."

Ya yi dariya. "Haba Yaya Audu, ai ka ce ta yi tsada. Je ka ɗaure hannunka."

Ya sauke fatar sumul. Ina kallo aka miƙa masa wuyan ragon, rabon da ni na saba kaiwa gida.

Har yanzu ina kan bakana, ta yi tsada. Amma sunan jibi, Sule aka aika wa.

Jama'a, tsakani da Allah, in koma wajen maƙerin nan?