Labarin Abokina Mai Cike da "Ba"

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a bayan Ɗanbatta, muna da 'yar ƙungiyar marubuta da ke haɗuwa ranar kasuwa bayan la'asar. Wani dattijo da ya yi ritaya daga koyar da Hausa ne ke saurarenmu yana yi mana gyara. Ni a ganina ni ne gwanin wurin, don in na fara siffanta faɗuwar rana sai in cinye shafi biyu ranar ba ta faɗi ba. Abokina kuwa, wanda gonarsu ke jikin tamu, rakiya yake yi mini. Ni na ma matsa masa ya fara rubutu.

A shekarar da mahaifina ya rasu, bayan an cire gyaɗa, Malam ya ce kowa ya rubuto labari a kan rashi. Na ce a raina wannan ai nawa ne. Na zuba hawaye da ƙunar zuci a labarina, har sararin sama na sa ya yi baƙi. Na karanta, aka ce madalla.

Sai abokina ya miƙe da 'yar takarda guda, labarin wata mata da mijinta ya rasu. "Ba ta yi kuka ba. Ba ta rage awon hatsi ba. Ba ta ɗauke butarsa daga inda yake alwala ba. In an yi sallama a zaure, ba ta ɗaga kai." Haka har ƙarshe.

Malam ya ce korewa ce tun daga farko, amma duk abin da aka kore sai ya zo ya tsaya maka a gaba. Ya sa shi ya maimaita. Nawa ba wanda ya nemi a maimaita.

Abin da ya fi ci mini rai, na gane matar. Mahaifiyata ce. Butar nan kullum ina tsallake ta, ban taɓa tunanin dalilin zamanta ba. Shi da gaisuwa kawai ke shigo da shi gidan, shi ya gani. A kan babur muna komawa na ce masa wannan "ba, ba" ɗin nasa kamar kukan tumaki. Ya yi dariya, ya ce in na ji haushi sai ya yaga. Na ce wane haushi.

Ƙanwata ce ta kai zancen gida, mahaifiyata ta ce in karanta mata duka biyun. Tana ɓarar gyaɗa na karanta nawa, ta ce, "Allah ya yi albarka, ka iya Hausa." Da na shiga nasa sai hannunta ya tsaya. Da na gama ta ce, "Ashe akwai mai kallona." Washegari ta aike ni in kira shi, ta ba shi carbin mahaifina. Ina tsaye.

Yanzu ya bar rubutu, taki yake sayarwa, ni ne har yau nake fama da biro. Na koyi cewa wani ciwon ba ya fitowa sai ta abin da mutum ya kasa yi. Amma kishin bai tafi duka ba. Kwanaki na tambaye shi inda ya samo dabarar. Ya ce shi bai san wata dabara ba. Ya zauna ne ya rubuta abin da Inna ta yi, ya rasa, shi ne ya rubuta abin da ba ta yi ba.

Har wannan amsar sai da na ji ina ma ni na faɗe ta.