Bayan da Ba a Takawa

Shekarar nan ta ba ni wuya, ba na son ko tuna ta. Wana ne ya kwanta, mutumin da ke ɗaukar damin gero biyu ya tafi yana hira.

Da ciwon baya abin ya fara. Mu a Kurfai maganin baya sananne ne: ka yi rub da ciki a tabarma, ɗan'uwanka ya dafa bango ya taka ka har ƙashi ya yi ƙara, ka tashi garau. Tun muna samari ni ke taka shi in an taso daga noma. Sai ga shi wata rana ya ɗaga tulu, hannu ya karye. Maɗori ya ɗaure da kara. Hannun bai kama ba, tari ya karya masa haƙarƙari.

Anfarmiyen Filinge, wato malamin asibitin garin, ya ce sai Yamai. Na shimfiɗa shi bisa buhunan gero a motar kaya, muka bi ta Baleyara, kowane rami sai ya ciji rawaninsa.

Can a babban asibiti suka ɗauki hoton ƙashinsa, suka ɗebi jini, har fitsarinsa suka dafa a 'yar kwalba. Lokotoro, wato likitan, wani nasara mai sanƙo, ya ɗaga hoton ga haske. Ƙoƙon kan wana na gani, huda-huda kamar ƙwaryar da gara ta ci. Mai fassara ya ce hudojin nan su suka nuna cutar, miyelom sunanta. Cikin ɓargo take, tana cin ƙashi daga ciki har ya zama kamar karan bara. Ba su da abin kashe ta. Ƙwayar rage zafi, ruwa da yawa, kada a ja shi, kada a danna.

Na ce, takawa fa?

Da aka fassara, nasaran ya dafe kai.

Muna komawa gida kawunmu ya zo dubiya. "Nasara mi ya sani ga bayan Bakurfaye? Taka shi, jini ne ya kwanta."

Na ce, "Kawu, ka gahurta, ba a takawa."

"Kai ka haihe ni?"

Ban kauce daga bakin ƙofa ba. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar sai da wana ya kira ni da la'asar, ya riga ya juya rub da ciki da kansa.

"Ƙanena, ƙahwa guda dai. Ko ka yi ƙiba ne kana jin kunya?"

"Yaya, ni na ga hoton, kai ba ka gani ba."

"To kira mini ɗan kawu."

"Wanda ya hau bayanka, sai ya hwara taka nawa."

Ya zage ni, zagin da bai taɓa yi mini ba, ya juya fuska ga bango.

Da safe na ɗebo rairayi daga gulbi, na gasa a kasko, na ɗura a tsohon wandona na ƙulle. Na aza masa a baya a hankali. Bai ture ba. Na ɗauko gadona na kara na gicciya a ƙofar ɗakinsa, na zauna ina jiran kawu.