Ranar da Noreen Ta Ƙi Kaucewa

Duk wanda ya tashi a garinmu ya san ƙeyar Noreen Lahti kafin ya san fuskarta. Ita ke jan bas ɗin makaranta mai bin bakin tafki, tun daga tsohon ramin haƙar jan ƙarfe har gonakin da ke bayan coci. Abin da yara ke gani nata shi ne ƙeya da idanu biyu a cikin dogon madubin da ke saman sitiyari. Mace ce gajera, mai jiki, marar yawan magana, ta kusa hamsin. Ba a taɓa jin ta goge wa motar wani fenti ba. Da ta hango motoci biyu sun jeru a bayanta, sai ta nemi gefe ta raɓe, ta ɗaga musu hannu su wuce. Ko a kanti haka take, in ta ga na bayanta da madara kaɗai a hannu sai ta ce ya shige gaba.

Keke ya shigo rayuwarta ne a makare. Autanta ya tafi aiki kudu, gida ya yi shiru, likita kuma ya ce jininta na hawa. Sai ta sayi tsohon keken daji mai faffaɗar taya, ta fara bin matan da ke hawa Tudun Ahma duk yammacin Talata. Jagorarsu Dot Pelkie ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta ba sittin baya amma tana hawa tudu kamar akuya. Noreen kullum ita ce ta ƙarshe, kuma hakan bai dame ta ba. A baya babu wanda za ta tare wa hanya.

Ana cikin haka ƙungiyar masu keke ta yi taron shirin tseren kaka. Shugabanta, Gordy Niemi, ya miƙe ya ce rukunin mata 'yan koyo ya ishe shi. Bara mace ɗaya ce ta shiga, lambobin yabo biyu na nan a aljihun teburinsa suna tsatsa. Bana in mata uku ba su kai ƙarshe ba, za a soke rukunin a haɗe su da maza. Kowa ya san abin da hakan ke nufi: babu sabuwar shigar da za ta yarda ta tsaya a layi ɗaya da ƙartin samari masu ture-ture.

Akwai wasu 'yan'uwa biyu, Jill da Carrie, da suka riga suka ba da sunansu, kuma babu mai shakkar za su gama. Saura ɗaya. Dot ta waiwayo ta dubi Noreen.

“A'a, Dot. Kar ma ki fara.”

“Ni na ce wani abu?”

“Idonki ya ce.”

“To tunda kin ji, shi ke nan. Ba cewa aka yi ki ci ba, 'yar uwa. Ki dai iso da ke da keken, ko waye ya ɗauko wani.”

Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Noreen daɗi. Hanyar bas ɗinta ta gindin tudun take bi, safe da yamma, kuma duk ta hango shi sai tseren ya faɗo mata a rai. Ba faɗuwa take tsoro ba, ta sha faɗuwa. Abu biyu ne suka tsaya mata a rai. Na farko, 'yan koyo zagaye biyu za su yi, kuma duk wanda bai shiga na biyu ba kafin jiniyar tsakar rana ta gidan 'yan kwana-kwana, an fitar da shi. A bakin ƙofar shiga zagaye na biyu ake tare shi a datse lambar da ke ɗaure a kan kekensa. Mai riƙe filayar datsewar kuwa Dot ce, shekara da shekaru. Na biyu, gwanaye za su yi ta zagayawa a kan hanyar nan guda, wadda faɗinta bai wuce kamu ɗaya ba, kuma duk ta bayanta za su ɓullo.

“Saurara da kyau,” in ji Dot, ranar Talatar ƙarshe. “Wanda ya zo daga baya shi zai yi magana. Amma ke za ki zaɓi inda zai wuce. Ba kya tsayawa, ba kya sauka. Ki ce ya jira, in wuri ya buɗe ki matsa gefe kina tafiya.”

“In ya ji haushi fa?”

“Ya sha ruwa, ai da gora a kekensa.”

“Sauri suke yi, Dot. Ni kuma...”

“Ke kuma yawon shan iska kika fito? Lambarki da tasu inji ɗaya ya buga su. Kuma agogon nan naki ki bar shi a mota. Na san ki, kallonsa za ki yi ta yi har ki rungumi bishiya.”

Ranar Asabar gari ya waye da sanyi-sanyi, ganyaye sun fara ja. Filin gindin tudu ya cika da motoci da karnuka, matan coci sun kafa tebur suna jera fasti, burodin nan mai nama da dankali a ciki. Noreen ta shiga layin banɗaki, ta fito, ta sake shiga. Ta kasa ɗaure igiyar hular kwanonta, sai Jill ce ta ɗaure mata. Aka fara sallamar gwanaye, sannan 'yan koyo. Kafin a shiga daji Jill da Carrie sun ɓace mata.

Da farko abin ya zo da sauƙi. Ita kaɗai ce, daga numfashinta sai ƙarar taya a kan busassun ganye. Har ta fara cewa a ranta wataƙila za a rabu lafiya. Sai ta jiyo shi daga baya, zuuu, kamar kudan zuma ya fusata. Gwanayen sun zagayo.

“Hanya! In kin samu wuri!”

Ba ta san lokacin da ta damƙe birki ba. Ta sauke ƙafa, ta ja keken cikin ciyawa.

“Yi haƙuri, yi haƙuri, wuce.”

Ya wuce kamar iska. Ta hau, ta ɗan taɓa tafiya, wani ya zo, ta sake sauka. Wasu ma ba su kai ga buɗe baki ba ta kauce. Wata yarinya mai jar riga ta ce mata, “Mama, ba sai kin tsaya ba!” amma kafin maganar ta iso Noreen na tsaye a gefe tana ɗaga mata hannu. Kanta ya san abin da Dot ta ce, yatsunta ne ba su sani ba. Shekarun da ta yi tana duba madubi sun fi Talata ɗaya nauyi.

Inda abin ya fi cutar ta a hawa ne. In ka tsaya a tsakiyar hawa, keke ba ya tashi kuma. Ta gwada, tayar baya ta yi ta murza ƙasa a banza, dole ta sauka ta tura har sama. Haka ta yi a hawa na farko, haka a na biyu, cinyoyinta na zafi, gumi na shiga mata ido. Ta duba wuyan hannunta, ba agogo, sai farin zanen da ya bari. Ta ɗaga kai. Rana ta taso sosai ta tsakanin rassa, inuwar bishiyoyi ta takure. Ta ga fuskar Dot a zuciyarta, da filaya a hannu, tana ƙoƙarin yin murmushi. Ta ga Gordy yana mayar da lamba ɗaya cikin aljihun tebur. Jill da Carrie za su sha wahalarsu a banza, saboda ita.

Abu ɗaya ya rage tsakaninta da fili: Haƙoran Kaka. Gangara ce mai cike da duwatsu tsaye-tsaye, dama bangon dutse, hagu kwari mai rafi a ƙasa. Duk zuwanta Talata sau ɗaya ta taɓa wuce wurin ba ta sa ƙafa a ƙasa ba, kuma ta san sirrin: da gudu ake shiga, ba a taɓa birkin gaba. In ta tsaya a bakinsa, sai dai ta saɓa keken a kafaɗa ta bi duwatsun ɗaya-ɗaya, jiniya kuwa ba za ta jira ta ba.

Ta miƙe a kan feda, ta ja jikinta baya. Tayar gaba ta hau dutse na farko. A daidai nan zuman ya taso a bayanta, kusa ƙwarai.

“Hanya! Hanya! Zan bi ta hagunki!”

Yatsunta suka kai kan birki. Amma idonta ya riga ya auna wurin, idon da ya saba auna bas a kan siririyar gada ranar ƙanƙara. Hagu ba wuri. In ya kutso, ko shi ko ita, wani zai kwana a asibiti. Abin da ya fito daga bakinta ba muryar kanti ba ce, ba ta yi haƙuri ba. Murya ce da ba a jin ta sai yaro ya miƙe tsaye bas na tafiya.

“Kai! Zauna inda kake! Ba mai motsi sai na ce!”

Daji ya yi tsit. Can sai wata ƙaramar murya ta ce, “To, Misis Lahti.”

Ba ta da sararin mamaki. Keken na tsalle a ƙarƙashinta, haƙoranta na haɗuwa, sarƙa na dukan ƙarfe. Ƙafarta ɗaya ta zame daga feda, ta lalubo ta mayar. Ta kafe ido a kan wata farar bishiya da ke ƙasa, ta ƙi kallon rafin. Dutse, dutse, saiwa, dutse, sai ga ƙasa mai laushi. Hanya ta buɗe. Ta matsa dama, ƙafafunta ba su daina juyawa ba.

“Yanzu wuce. A hankali.”

Wani dogon saurayi mai gemu ya gifta. Sai da ya waiwayo ta gane shi, Travis Ollila, wanda ya shekara biyar yana manna mata cingam a ƙarƙashin kujerar baya.

“Na rantse sai da na gyara zama!” ya faɗa, ya ɓace a kwana.

Tana fitowa fili jiniya ta ɗauka. Ga ƙofar can a ƙarshen ciyawa, ga Dot da filaya, ga Gordy a gefenta ya naɗe hannu. Sai ta ga Dot ba ta tare hanya ba, tsalle ma take yi tana kaɗa hannu.

“Jiniya ta yi, Dot,” in ji Gordy.

“Tana kan yi. Ubanka da ubana a ramin nan suka yi aiki, ka taɓa jin an buɗe kwanon abinci kafin ta yi shiru? Taka, Noreen! Taka, don Allah!”

Jiniyar garinmu tsohuwa ce, tana daɗewa kafin ta sauka. Ƙararta ta hau, ta tsaya, ta fara gangarowa tana gurnani. Noreen ta sunkuyar da kai ta taka da abin da ya rage mata. Ta shige ƙofar da sauran nishi a bakin jiniyar. Gordy ya dubi Dot, ya matsa gefe.

Zagaye na biyu ba wanda ya gani. Gwanaye sun gama, daji ya zama nata, amma duk da haka tana ta waiwaye. A Haƙoran Kaka, da ba kowa a bayanta, ta taɓa birkin gaba, ta tafi ta kan keken ta daki dutse da gwiwar hannu. Ta zauna ta yi ɗan kuka, ta duba lambarta tana nan, ta saɓa keken ta gangara da ƙafa. Lokacin da ta iso fili har an fara naɗe tutoci. Jill da Carrie suka rugo suna ihu. Gordy ya laluba aljihu ya miƙa mata lambar ta uku, da ɗan tsatsa a gefenta.

“Uku ne,” in ji Dot. “Ƙirga da kyau, Gordy, ko in ara maka yatsu?”

“Na gani, na gani. Rukuninku na nan.”

Matan coci sun ɓoye mata fasti ɗaya a cikin tawul. Tana ci Dot na wanke mata ciwo, sai ga Travis. Na biyu ya zo, tazarar da ke tsakaninsa da na ɗaya ba ta kai tsawon keke ba. Noreen ta ajiye fastin.

“Ni na ja maka, ko? Travis, yi ha...”

“Kul!” in ji Dot. “Da ya bi ta hagun nan, da yanzu muna tsamo shi a rafi da ƙugiya.”

Travis ya sosa gemu. “Gaskiya ne. Amma baɗi ki yi min rai, Misis Lahti, ki riga ni wuce wurin.”

“Baɗi?” in ji Noreen.

Ranar Litinin ta fito da bas da bandeji a gwiwar hannu. A hanyar bakin tafki motoci suka jeru a bayanta, biyu, uku, har wani ya danna ham. Ta dube su ta madubi, hannunta ya kai kan sigina, ya yi ɗan jim a wurin. Gefen titin nan yashi ne mai zurmawa, ta daɗe da sanin haka. Ta mayar da hannun kan sitiyari, gabanta na faɗuwa, ta ci gaba har wurin nan mai faɗi da ke gaban coci. A can ta raɓe, ta ɗaga musu hannu.