Gorar Albarushi a Saman Murhu

Kakata Iya Tabawa ba ta iya tatsuniya da daɗin baki ba. Sauran tsofaffin ƙauyenmu, can gefen Zango, sukan sa yara dariya har barci ya kwashe su, ita kuwa da faɗa take farawa, da faɗa take ƙarewa. Duk da haka tata muka fi so. In marka ta kankama ta hana mu dandali, a madafinta muke taruwa bayan an ci tuwo, tana gasa mana masara a bakin murhu. Ni ce ke manne da jikinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Mai-suna, ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba.

Babana maharbi ne, gado ya yi wajen ubansa. Yana da bindigar toka da gorar albarushi, kuma yadda yake lallaɓa gorar nan ko mu bai lallaɓa haka ba. Da damina laima kan shiga albarushi ya ƙi tashi, don haka sai ya rataye gorar a jinkar madafi, daidai saman murhu, inda ɗumi zai riƙa samunta. Haka maharban garinmu duka suke yi. Mu kuma muna ƙarƙashinta muna gaigayar masara.

Duk shekarar da gorar ta hau jinka, tatsuniya ɗaya Iya ke yi mana.

"Ga ta nan," in ji ta, "kuma ba ta dariya ba ce, kowa ya rufe haƙoransa."

Wai wani maharbi ne ya yi baƙo, baƙi ƙirin kamar garin gawayi. Baƙon ya ce zai ciyar da gidan da nama, amma da sharaɗi: shi da Wuta ba sa ga maciji, a yi masa ɗakinsa can nesa, a rufe. Maharbi ya yarda. Gida ya cika da zabbi da zomaye, har maƙwabta na samun rabo. Da damina ta zo, ɗakin baƙo ya fara yoyo, mura ta kama shi, ya daina fita daji. Maimakon maharbi ya gyara rufi, sai ƙyuya ta sa ya ɗauko shi ya kai shi ɗakin Wuta, wai ya ji ɗumi. Matarsa ta yi magana, ya ce me mace ta sani a harkar maza. Rannan 'yarsa ta durƙusa tana hura wuta, tartsatsi ya tashi sama ya ga baƙo.

A nan Iya kan ɗaga murya yadda Baba zai ji daga rumfarsa. "Ku tambaye ni me ya sami maharbin. Ba abin da ya same shi. Yana daji. Su ai kullum suna daji." Ba ta rufe ta da ƙurunƙus kamar sauran, sai ta ce wannan ba ta ƙare ba tukuna, mu tashi mu ba ta wuri.

Wata rana itacen ya jiƙe, yana ta fashewa, tartsatsi na kaiwa har jinka. Iya ta yanke tatsuniyar a tsakiya. Ta miƙe, ta sa muciya ta zaƙulo gorar, ta cire marfin, ta dulmiya ta cikin randa. Baba ya shigo a guje, idonsa jawur.

"Haba Iya, albarushin kaka guda fa kika kashe mini. Tun yaushe nake ajiye shi a nan, me ya taɓa faruwa?"

Ta yaye mayafinta ta nuna masa hannunta na dama, wanda fatarsa ta tattare tun daga wuyan hannu har kafaɗa. Mu da mun ɗauka man tuya ne ya zuba mata.

"Abin da ubanka ya faɗa ke nan, ko kalma ɗaya ba ka rage ba. Kai kana goye a bayana, shi ya sa ka yi rai. Yayarka ce ke gaban murhu."

Baba ya juya ya fita. Kashegari ya kwaɓa ƙasa ya gina ɗan ƙaramin rumbu a bayan gida, bisa duwatsu don kada laima ta hau, ya yi masa ƙofa da kwaɗo, makullin kuma bai ƙara barin wuyansa ba. Mahaifiyata ce ta gaya mini sauran: yarinyar 'yar farin Iya ce, shi ya sa bakinta ba ya iya furta sunan, kuma sunan ne aka mayar mini.

Da ina ganin Iya mafaɗaciya ce. Yanzu da na girma na ga ma haƙurinta ya yi yawa, tunda har ta tsaya yin tatsuniya shekara da shekaru. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, mai ajiyar ba shi ne ke zaune ƙarƙashin abin ba.

Daminar bara na taso daga Daura na je gidan ƙanena Sabi'u, wanda ya gaji farautar. Shi ba gora yake da ita ba, harsasai ne da sauran albarushi cikin gwangwanin madara. Na same shi a kan kantar kicin, gefen tukunyar gas, inda 'yarsa Bilki ke taka turmi tana ɗauko ashana. Na yi magana, ya yi dariya.

"Yaya, ɗakina laima. Tun yaushe yake nan, me ya taɓa faruwa?"

Na ɗauko gwangwanin na damƙa masa, na ce ba zan sha ko ruwan gidansa ba sai na ga akwatin ƙarfe da kwaɗo, nesa da wuta, nesa da hannun yara.

"Ni sunan wadda ta ƙone nake amsawa, Sabi'u," na ce masa. "Ba zan zauna in ga ranar da za a mayar wa wata jaririya sunan Bilki ba."